Farcen Gidanmu

Talata, 5 ga Mayu, 2009
Yau na gane abin da ya ɗauke min 'yata Azumi. Na kai ƙanwarta Sa'adiya asibiti saboda jiri, sai Sista Felicia ta kama hannunta ta ɗiga mata ruwa a farce. Ruwan ya zauna daram kamar a cokali. Ta ce, "Mama, tun yaushe farcenta ya lotsa haka?" Na ce ai gado ne, haka na uwata yake, har ana mana kirari wai farcenmu ba ya zubar da arziki. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙarancin jini ne. Mai irin wannan in ta zo haihuwa ta zubar da jini ko kaɗan ne, sai yadda Allah ya yi.
Na Azumi ya fi na Sa'adiya zurfi. Wata biyu ke nan da rasuwarta a wajen haihuwa.

Laraba, 6 ga Mayu
Wata bakwai Azumi tana zuwa awo. Ba wadda ta dubi hannunta? Aikin me suke yi, taunar cingam?

Asabar, 9 ga Mayu
Na je Kasuwar Kure, wajen matar da nake saya wa Azumi farar ƙasa lokacin da take kwaɗayinta da ciki. Sista ta ce ita ma tana hana jiki yin jini. Na ce wa mai ƙasar, "Ke kina sayar wa mata ajali a leda." Ta ce, "Hajiya, ni na bi ki gida da ita?" Mutane suka taru. Na dawo ko tattasai ban saya ba.

Lahadi, 10 ga Mayu
Sa'adiya ta ce ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ta a asibiti tana tayar mata da zuciya. Na tsaya a kanta sai da ta haɗiye. Har buɗe mata baki na yi, budurwa guda.

Laraba, 13 ga Mayu
Mika'ilu, mijin marigayiyar, ya aiko da lemo. Na mayar. Tun ranar sadakar uku da na faɗa masa gaban danginsa cewa yunwar gidansa ce ta kashe min 'ya, bai sake tako nan ba. Jaririyar na wajen uwarsa a Sabon Gari, ban sake ganinta ba. Ko kuwa zai ce bai ga matarsa tana haki in ta ɗaga bokiti ba? Makaho ne?

Lahadi, 17 ga Mayu
Ina kwashe kayan da Azumi ta bari a ɗakina, sai ga ledar magani a cikin kwalla. Jajayen ƙwayoyin nan na awo, irin na Sa'adiya sak. Ko rabi ba ta sha ba.
Ni na ce ta bari. Na ce suna sa ɗa ya yi ƙato, haihuwa ta yi wuya. Ta ce, "Inna, Mika'ilu fa yana tambaya kullum." Na ce kawo su nan ki ce kin sha, namiji me ya sani a kan ciki.
Kuma duk jajibirin awo ni nake ƙunsa mata lalle har farce, don kada ta je cikin mata hannu fari fat.

Litinin, 18 ga Mayu
Ban fita ba.

Juma'a, 22 ga Mayu
An sake aiko da lemo. Wannan karon ban mayar ba, Sa'adiya ta karɓa. Ta ce ta ji jaririyar ta fara murmushi. Na saya wa jaririyar 'yar riga a hanyar dawowa daga asibiti, don kawai ta yi min kyau. Ni ma an ɗibi jinina, an ba ni ƙwayar, ina sha.
Rigar na cikin jakata tare da ledar maganin Azumi. Gaban mutane na zagi Mika'ilu, gaban su ya kamata in faɗi gaskiya. Har yanzu ban je ba.