Zanin Goyon Ummi a Bushe

Yaya Nura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara, ya zaman Ibadan? Babu sabis a Birnin Gwari, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Yaya, 'yata Ummi ce ba lafiya. Zazzaɓi da gudawa suka kama ta muna Randagi, hanya kuma ba ta biyuwa saboda mutanen daji. Mai kemis ya ɗauko allurar manya ya yi mata rabi, yadda aka saba yi wa yara. Tun daga nan fitsari ya ɗauke, ƙafafunta suka kumbura. Da ƙyar muka shigo gari. Likita ya ce ƙodar jaririya ba ta yi ƙwari ba, maganin yana nan cikin jininta. Ya ce sai Kaduna, muna jiran rakiyar sojoji.

Ka ce aikinka a kwamfuta shi ne lissafin yadda ƙodar yara ke fitar da magani. Don girman Allah lissafa mini tata, watanta bakwai. Zai fita?

Ka gai da kowa, ku sa mu a addu'a. Ina ta shafa zanin goyo ko zan ji danshi. A da faɗa nake yi in ta jiƙa mini baya, yau abin da nake roƙon Allah ke nan.

Ƙanwarka,
Hadiza