Mabuɗin Katako Mai Lamba Sha Bakwai

Onomichi, 3 ga Yuni

Zuwa ga Tomoe tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya Hakodate? Yaya mai jego, yaya kuma jikan namu? Ki gaya wa Sayo babanta ya ce ta riƙa runtsawa duk lokacin da jaririn ya yi barci. Ni lafiya ƙalau nake. Ina shan maganina, ina ba furanninki ruwa. Ɗaya ne kawai ya mutu, kuma dama can ba shi da ƙwari.

Albishirinki! Kin tuna Kohei, tsohon ɗalibina, wanda ya bar aiki a Osaka ya dawo ya shige ɗaki a gidan mahaifiyarsa? Shekara shida ke nan, in ban da sau ɗaya, bai taka titi da rana ba. Kin sha yi mini dariya kan katin da nake zura masa ta ƙarƙashin ƙofa duk farkon wata. A katin ƙarshe na gayyace shi cin abinci a waje. To jiya ya amsa, layi ɗaya tak: "Malam, zan zo, in dai ƙarfe biyar ne, kafin a cika."

Tomoe, na karanta layin nan ya fi sau ashirin.

Na kama mana ƙaramin ɗakin nan na izakayar Genzo, gidan abinci da giyan nan na bayan tashar jirgin ƙasa, ranar Asabar. 'Yan ajinsu biyu kawai na gayyato: Chizuru, wadda yanzu take tuƙa bas, da Daigo mai kifi. Na rubuta musu dokoki bakwai. Ba tambayar aiki, ba zancen aure, ba ƙura masa ido, ba ɗaga murya. Daigo ya karanta ya ce, "Malam, cin abinci za mu je ko jarrabawa?" Zan kuma zaunar da Kohei a wurin babban baƙo, can ƙurya, don ya san darajarsa a wurinmu.

Amma ina jin tsoro. Mahaifiyarsa ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce sau ɗaya ya taɓa gwada fita, aka cika shi da tambayoyi, ya koma ciki shekara uku. In wannan ma ta ɓaci, ban san ko zai sake amsa kati ba.

Ki kula da gwiwarki a matakalar gidan nan nasu.

Mijinki,
Shigeru

Onomichi, 9 ga Yuni

Tomoe tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Sayo da mijinta da ƙaramin maigida. Wasiƙarki ta iso ranar Juma'a. Kin ce in daina jera mutane kamar kujerun aji. Na ji haushi, ban kuma bi shawarar ba. Yanzu ki gyara zama ki ji yadda kika yi gaskiya.

Ya zo. Biyar saura kwata na same shi tsaye a ƙarƙashin jar fitilar Genzo, ya sha aski, rigarsa har da karin guga. Muka tuɓe takalma, kowa ya sa nasa a ɗan akwati ya zare mabuɗin katako. Nasa lamba sha bakwai. Mu duk muka jefa namu a aljihu, shi kuwa ya damƙe nasa a hannun dama.

Na tura shi ƙurya. Bango a bayansa, bango a gefensa, Daigo da faɗinsa ya toshe ɗaya gefen. Ni a ganina na karrama shi. Ashe kulle shi na yi.

Aka kawo tawul mai ɗumi, ya goge hannu ɗaya. Aka kawo dafaffen wake a kwanso, ya ɓare da hagu. Muka haɗa kofuna, mu da giya, shi da shayi mai sanyi, nan ma da hagu. Idonsa na kan ƙofa, mabuɗin na hannunsa. Su kuma ɗalibaina sun bi dokokina sau da ƙafa. Chizuru, wadda ake jin muryarta daga ƙarshen bas, ta koma raɗa. Ta ce ana zafi bana. Daigo ya ce ƙwarai ana zafi. Ni ma na ce ana zafi. Rabin awa, Tomoe, ba mu bar zancen zafi ba. Matar Genzo ta leƙo da tsiren kaza, ta dube mu ta ce a hankali, "Malam, rasuwa aka yi?"

Sai soyayyiyar kaza ta iso, faranti guda na kowa da kowa. Daigo, da ya gaji da zama mutumin kirki, ya ɗauki lemon tsami ya matse a kan farantin gaba ɗaya, bai tambayi kowa ba.

Dokokina bakwai suka tashi a banza. Chizuru ta buga tebur. "Kai, jaki! Wa ya aike ka? Ka jiƙa ɓawon duka!"

"Haba direba, gyara miki na yi. Ke da ba ki san daɗi ba sai na birki."

"Mai ƙarnin kifi ne zai koya mini daɗi?"

Ina ta ɗaga hannu ina cewa a yi a hankali, ba mai jina. Sai Kohei ya miƙe. Ya ce wa Daigo ya ba shi hanya, ya tsallake ƙafafunsa, ya nufi ƙofa da mabuɗinsa. Na tuna fuskar mahaifiyarsa, na ce shi ke nan, shekara shida na kati sun tafi a kan lemon tsami. Don ruɗewa ban san lokacin da na jawo kwalba zan zuba wa kaina ba.

Ya tsaya cak. Ya durƙusa a wurin zama na bakin ƙofa, ya miƙo hannu ya karɓe kwalbar. Kin san ba a zuba wa malami da hannu ɗaya. Ya dubi kwalbar, ya dubi hannunsa na dama, sai ya ajiye mabuɗin a tebur, ya riƙe ta da hannu biyu ya cika mini kofi.

Ya ce, "Malam, ɗalibanka uku a zaune ka zuba wa kanka? Me za a ce da mu a gari?"

Sannan ya juya ga Daigo. "Kai kuma tun muna aji uku kake wannan ta'asar. Shekara sha biyar, ba ka shiryu ba?"

Chizuru ta yi dariya har ta kwanta a kan tabarma. Ni kuwa na fake da tawul, wai gumi nake gogewa.

Bai koma ƙurya ba. Ya ce can ji yake kamar hoton mamaci da aka jingina a bango ana kawo masa abinci. A bakin ƙofar ya zauna, wurin ƙarami, kuma ya ɗauki aikin wurin. Shi ke leƙawa ya kira matar Genzo. Kiran farko ba ta ji ba. Na biyu ma haka. A na uku Daigo ya ce, "Buɗe maƙogwaro mana, babban baƙo!" Ya buɗe kuwa, har na teburin waje suka waiwayo. Ya sa aka kawo sabon farantin kaza, ya ɗauke lemon ya ɓoye a bayansa. Chizuru ta tambaye shi me yake yi duk shekarun nan, tambayar da na hana tun a doka ta farko. Ya ce yana haɗa ƙananan jiragen ruwa na katako, sun kai arba'in. Ta ce ɗanta zai haukace in ya gansu.

Ƙarfe bakwai muka tashi, da sauran haske a kan teku. Kowa ya buɗe akwatinsa ya sa takalmi, sai Kohei ya tsaya da safa yana laluben aljihu. Babu mabuɗi. Muka koma ciki, mu huɗu da Genzo da matarsa, muna ɗaga matasai. A ƙarshe matar Genzo ta gano shi ƙarƙashin farantin kaza, duk ya sha mai.

Kohei yana ta sunkuyar da kai yana ba da haƙuri, wai ya manta inda ya ajiye. Ya manta, Tomoe! Ban taɓa jin daɗin sakacin ɗalibi irin na ranar ba.

Ki shafa mini kan jikana. Fure na biyu ma ya mutu, amma wannan laifina ne.

Mijinki mai kewarki,
Shigeru