Turaren Ya Kaltum da Muryar Baba Madu

Umarari, Maiduguri
Litinin

Yaya Garzali,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Talatu da yara. Ya Kano?

Na ga saƙonka, kuma ban yarda ba. Wai in kwashe ƙamus ɗinmu na Kanuri daga kwamfutar ɗakina, in kai rumbun babban kamfanin nan na waje inda kowa ke ajiya. Ka manta bara? Ba sallama suka rufe mana ƙofa, masu taya mu aiki daga Diffa har Dusuman suka zauna zugum. Manhajar ƙamus ɗin ta kowa ce, mai so ya sa hannu ya gyara. To don me makullinta zai zauna hannun baƙo?

Abu ɗaya dai ke ci mini rai. Rubutun manhajar kowa na da kwafinsa, amma muryoyin tsofaffin da muka naɗa a wurina kaɗai suke, har da ta marigayi Baba Madu, masuncin da ya lissafa mana sunayen kifayen tafki. Na aika a sayo mini faifan ajiya, sai Asabar zai iso.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Lubna

Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan ciwon bayan ya yi sauƙi.

Kar ka yi dariya. Kwamfutar ta ɗau zafi, fankarta sai gurnani take. Na buɗe na tarar da wani baƙin danƙo ya liƙe ta, ga ƙamshi kamar ɗakin amarya. Ashe surukata Ya Kaltum ce. Kullum da yamma takan bi ɗakuna da kaskon turaren wuta, a nawa kuwa ƙarƙashin tebur take ajiyewa, wai lungun yana warin waya. Na'urar ita ke zuƙe hayaƙin duka.

Da wane baki zan ce wa uwar miji ta fita da turarenta? Da hannunta take haɗa shi, don ƙauna take kawo mini. Ɗanta Mikail, maigidana, ne zai iya, shi kuma ya yi tafiya. Na goge abin da zai gogu. Kashewa ya kamata in yi, na sani, amma mutane na aiki a kanta, kuma ba na son jin bakinka. Na kasa zaune na kasa tsaye, motsi kaɗan sai in je in taɓa ta.

Lubna

Juma'a

Yaya,

Ina fatan kun wuni lafiya. Ni dai ga ni nan.

Kwamfutar ta mutu jiya bayan la'asar. Manasse mai gyara ya duba, ya ce faifan cikin ya tafi. Na sanar da jama'a, kowa ya lalubi wayarsa ya turo abin da ya rage masa, muryoyi da yawa sun dawo. Ta Baba Madu ba mai ita. Ni na naɗa, ni na goge daga wayata don in sami wuri.

Ka buɗe mana ajiyar a kamfanin, kai ma ka riƙe kwafi, Diffa su riƙe. Ba wurin da zan ƙara yarda da shi shi kaɗai, ko ɗakina ne.

Yanzu Ammatullahi 'yar Baba Madu ta bugo. Gobe za ta taho daga Khaddamari da yaranta, da ma na yi musu alkawarin za su ji muryar kakansu. Har ta yi musu wanki. Na ce Allah ya kawo su lafiya, na kashe wayar.

Ka gaishe da kowa, ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Lubna