Sunaye Goma Sha Ɗaya a Bangon Mujalla

Alsahafa, Khartum
9 ga Rajab, 1412

Zuwa ga yayata Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da dukan dangi na Maiurno. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan sai godiyar Allah.

Na damƙa wa Ibrahimu direba wannan takarda hannu da hannu, ban yarda da gidan waya ba. Idan kin karanta ki ƙona ta.

Yaya, kin san ni. Shekara goma sha tara ina zaune da Baban Karima, ban taɓa laluba aljihunsa ba. Makon jiya na laluba, ina kuwa neman gafarar Allah. Tun bayan Babbar Salla, duk ranar Alhamis yakan rufe warsharsa ta gyaran mota da wuri ya haye Omdurman. Da na tambaya, ya ce kayan mota yake nema. Mutumin da ke gyaran mota a tsakiyar Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai da masu kayan gyara, me zai kai shi ƙetaren kogi neman kusa? In ya dawo kuma akwai wani abu shimfiɗe a ƙarƙashin jallabiyarsa, ya wuce da shi ɗaki ya kulle a akwatin ƙarfe. Abin da na samu a aljihun takarda ce cike da lambobi, wasu an soke su, ɗaya an kewaye ta da jan biro.

Kin tuna Rashid mai walda, maƙwabcinmu? Bara mutanen Amni, jami'an tsaron gwamnati, suka ɗauke shi saboda takardun ƙungiyar ma'aikata. Ya dawo bayan wata uku, amma har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura ya miƙe tsaye. Shi nake gani duk sanda na dubi akwatin nan.

Jiya bayan la'asar wani dogon dattijo da ya ce sunansa Labaran ya yi sallama. Da na ce maigidan bai dawo ba, ya waiga dama da hagu, ya rage murya, ya ce in gaya masa sittin da huɗu ta samu. Da maigidan ya dawo na isar masa da saƙon yana alwala. Yaya, butar ce ta suɓuce daga hannunsa.

Ni ce nake zaunar da matan unguwa ina koya musu cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ga ni yau ina kwana da shi ina tashi da shi. Ki sa mu a addu'a.

Ki gaida Malam da Fatna.

Ƙanwarki,
Hansatu

Alsahafa
20 ga Rajab

Yayata Hajara,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida. Saƙonki ya iso tare da kukar da daddawar, Allah ya saka da alheri. Kin ce in tambaye shi kai tsaye. Ban iya ba. In ya faɗa mini gaskiya, na zama mai riƙe da abin da za a iya matsewa daga bakina; in ya yi mini ƙarya, na sa shi zunubi. Sai na zaɓi abin da ya fi su muni: na ɗauki mabuɗin.

Ran Alhamis ya dawo da abin. Ran Asabar, yana fita aiki, na buɗe akwatin. Abu ɗaya ne a ciki, naɗe da tsohuwar jarida. Mujallar zane ce, irin ta Beirut da samari ke rububi a da, takardarta ta yi ja don tsufa. A bangon an zana wani ƙato mai fuskar tagulla ɗaure da sarƙa, ruwa ya kai masa wuya. A kusurwa an buga lamba sittin da huɗu.

Da fari kunya ta rufe ni. Kin tuna satin da na tare, na tarar da kwali cike da irin waɗannan, na ce ba zan yi salla a ɗakin da ke da hotuna ba? Bai yi musu ba, ya ɗauki kwalin ya fita da shi. Na zaci zancen ya mutu tun ranar.

Har zan mayar, sai na buɗe bangon. A ciki akwai sunayen maza goma sha ɗaya, kowane da rubutun hannu dabam, kowane da kwanan wata. Na tara Rashid ne. Na ƙarshe Labaran. A ƙasa an rubuta lamba goma sha biyu, an bar gurbin babu suna. Yaya, wa ake jira ya cika gurbin nan in ba shi ba? Kuma wace mafaka ta fi littafin yara, wanda ba mai duba shi sau biyu?

Don haka na zauna na karanta, shafi talatin da biyu, ina neman inda aka ɓoye saƙon. Na ɗaga kowane shafi ga rana. Na ƙirga kalmomin farkon layi. Labarin wani mai gyaran agogo ne, wanda in gari ya shiga uku yakan sa fuskar tagulla ya tare jirgin ƙasa da ƙirjinsa. Shirme, Allah ya kyauta. Sau uku na karanta cikin kwana biyu, ban ga komai ba, rashin ganin ne ma ya ƙara tsorata ni.

Shi kuwa tun da ya kawo ta bai buɗe akwatin ba. Yakan zauna bakin gado ya dube shi, ya tashi. Mai gaskiya ba ya tsoron akwatinsa.

Ki gaida kowa. Ki ƙona wannan ma.

Taki,
Hansatu

Alsahafa
2 ga Sha'aban

Zuwa ga Yaya Hajara,

Sallama irin ta Musulunci, da fatan kuna lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Wannan takarda ba sai kin ƙona ta ba. Ki ajiye, ta zama shaida a kaina.

Washegarin da na rubuto miki, da hantsi, mota biyu ta Amni ta tsaya a bakin layinmu. Na ji ana buga ƙofofi. Gawayin shayi bai mutu ba. Na ɗauko mujallar na tura ta cikin wuta, na tsaya har ta zama toka, na watsa tokar a makwarara. Ashe gida na huɗu suka zo, ko kallon ƙofarmu ba su yi ba.

Da ya dawo na bari ya ci abinci, sannan na faɗa masa duka, tun daga aljihu har toka. Na ce ya yi fushi in zai yi, amma na fi son fushinsa da in riƙa kai masa abinci inda ba a karɓa. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

Ga abin da ya gaya mini. Su shida ne, duk masu furfura: makanikai, da mai walda, da Labaran mai sayar da tsofaffin littattafai a kasuwar Omdurman. Kwalin nan da na kora yana shagon Labaran shekara goma sha tara. Ran Alhamis sukan haɗu a bayan shagon su yi musayar mujallu, suna gardama kan wane jarumi zai kayar da wane. Lambobin aljihunsa fitowar da suka samu ce da wadda suka rasa. Al'adar masu wannan abu kuwa, tun suna yara, duk wanda ya karanta mujalla har ƙarshe yakan rubuta sunansa da rana a cikin bango, ya buɗe lamba ga na gaba. Rage muryar da Labaran ya yi a ƙofa, ni yake tsoro, ba hukuma ba. Wai duk sun san Hajiya ba ta son hoto.

Sannan ya kawo zancen Nasrullahi, ƙanensa da zazzaɓi ya ɗauke a yankin Jazira kafin aurenmu. Tare suke tsinkar auduga su sayi mujallar a birnin Madani. A fitowa ta sittin da uku an ɗaure mai fuskar tagulla a gindin madatsar ruwa, aka nuna amininsa, wani gurgu, yana miƙa wa maƙiya mabuɗi. Baban Karima ya ce gurgun ya ci amana, Nasrullahi ya rantse bai ci ba. Suka yi kwana biyu ba sa magana. Ta sittin da huɗu ba ta taɓa isowa Madani ba, Nasrullahi kuma bai ga damina ba. Shekara ashirin da ɗaya yana nemanta. Da ta zo hannunsa ya kasa buɗewa, yana ta ɗaga ranar.

Yaya, kwana uku yana gaishe ni kamar baƙuwa. Na auna kaina ban sami inda zan tsaya ba. Tsoron da na ji gaskiya ne, zamanin ne ya koya mana. Amma wa ya koya wa mijina ɓoye abin da yake so a gidansa? Ba soja ba ne.

A rana ta huɗu na kai masa shayi, na tsaya, na ce gurgun bai ci amana ba. Ya ɗago kai. Na ce mabuɗin da ya miƙa na bogi ne, na gaskiyar yana cikin sandarsa, kuma da sandar ya yi iyo ya nutse har gindin madatsar. Kin san kan da Baba ya horar da hadda, abin da na karanta sau uku ba ya fita. Ya ajiye kofin, ya ce in faro daga shafin farko, kada in tsallake ko ƙarar sarƙa. Da na kai ƙarshe ya rufe fuska da hannu, yana dariya hawaye na bin yatsunsa, yana cewa yaron nan ya ci gardama, ya ci.

Mujallar ba tasa ba ce shi kaɗai, uku daga cikinsu ba su kai ga karantawa ba. Ran Juma'a bayan la'asar suka zo su biyar, aka yi musu shimfiɗa a tsakar gida, ni ina daga bayan labule, na sake biyawa. Labaran ya katse ni sau biyu, wai a shafi na goma naushi biyu ne ba ɗaya ba. Na ce ɗaya ne, na biyun gwiwar hannu ce. Ya ce wallahi Hajiya ta fi shi. Rashid ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin a ɗauke shi.

Da za su tashi, Baban Karima ya miƙo mini farar takarda, ya ce in mayar musu da sunayen. Na rubuta goma sha ɗayan da ranakunsu, na buɗe lamba goma sha biyu, na miƙa masa biron. Ya ƙi karɓa. Ya ce shi ji ya yi, bai karanta ba, kuma ba a yi wa al'ada ƙarya.

Na rubuta sunana, Yaya. Ban buɗe lamba goma sha uku ba, don babu abin da zan miƙa wa na gaba.

Ki tambayar mini Malam hukuncin hotunan nan, ba don in kafa hujja ba. Kwalin ya dawo gida, yana zaure. Ki kuma tambaye shi wannan: karatu na farko da na biyu saƙon ɓoye nake nema. Na ukun fa? Na bincika zuciyata, ina zargin gurgun nake so in sake gani yana iyo.

Allah ya kai mu Ramadan lafiya. Karima na gaishe ki.

Ƙanwarki mai neman afuwa,
Hansatu