Ranar da Oddvar Ya Ce Mu Tsaya

Ni, Torleif Aune, da hannuna na rubuta wannan, kaina garau, babu wanda ya sa ni. Zuciya ce kawai ta gaji, kuma likita ya daina yi mini kwana-kwana. 'Ya'yana Gunvor da Sindre, ku karanta tare a teburi ɗaya, ko da har yanzu ba kwa ga-maciji.

Na ɗaya. Gidan nan na Gunvor ne. Ɗakin katako na bakin tafki naku ne ku biyu, kada a sayar.

Na biyu. Agogona mai ƙirga bugun zuciya na bar wa Sindre. Sindre, na san za ka yamutsa fuska. Raunin zuciyar da ya kama ni da baffanku Oddvar, wanda muka zo duniya tagwaye, shi aka gano a jikinka bara. Tun lokacin kuke rigima. Gunvor tana so ka lafe a kujera, don a ganinta motsa jiki ne ya kashe baffanku. Kai kuma ka rantse ba za ka rage gudu ba, wai abin da zai zo ba ya sallama. Dukanku kun kuskure, kuma laifina ne, domin ƙarya na yi muku.

Na uku, ga gaskiyar. Kun san littafin da ke cikin akwatin ƙarfe a kan dutsenmu, wanda duk mai hawa yake sa hannu. Shekara arba'in ni da Oddvar muna gasa a kansa, ranar Kirsimeti a faɗi wanda ya fi hawa. Da zukatanmu suka raunana, Solveig, mai koya mana motsa jiki a asibiti, ba ta hana mu tafiya ba, ita ce ma ta matsa mana. Ta sa wa kowa iyakar bugun zuciyarsa a agogo. Ta ce mu yi sauri minti huɗu, mu sassauta uku, kuma ranar da ƙafa ta kumbura a zauna gida a kira ta. Shekara biyu muna bin wannan, har Oddvar ya koma faskaren itace.

Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti mun yi kunnen doki. Da na je ɗaukar Oddvar da safe, takalminsa ya ƙi ɗauruwa saboda kumburi. Na gani da idona, na kau da kai. A tsakiyar hanya agogonsa ya fara kuka. Ya jingina da itace ya ce, “Torleif, mu tsaya haka.” Ni kuma na ce, “To zauna nan, tsoho, in na sauko in goya ka.” Ya yi dariya, ya cire agogon ya sa a aljihu, ya biyo ni.

Ina gaba, ina jin numfashinsa a bayana. Can sai na daina ji. Ban waiwaya ba sai da na kai sama na sa hannu. Da na sauko na tarar da shi kwance a hanya, rai ya yi halinsa.

Kafin masu ceto su iso na mayar masa da agogon a hannu, na ce wa kowa faɗuwa ya yi ba zato. Yau shekara shida. Ban ƙara hawa dutsen ba, amma numfashin nan bai rabu da ni ba. Da rana tsaka nakan ji shi a bayana a kan matakala, in tsaya ya tsaya. Ina jin tsoro, kuma kunyar ta fi tsoron.

Na huɗu. Bayan an binne ni, ku je wurin Borghild, matar Oddvar, ku karanta mata na uku, kada ku rage kalma. Shekara shida tana tsine wa Solveig a kan abin da ba ta yi ba, ni kuwa ina zaune ina shan gahawarta ina gyaɗa kai. In ta hana a kai fure kabarina, ta yi daidai. Ita ma Solveig ku nemo ta ku faɗa mata.

Na biyar. Sindre, ka je a auna ka, a ba ka iyakarka, ka ɗaura agogon. Zama ba zai cece ka ba, taurin kai ma haka, kuma na san inda ka gaji naka. Gunvor, ki daina ɓoye masa takalmi. Tsoronki ƙauna ce, amma zuciyar da aka ajiye ba motsi lalacewa take yi.

Allah ya yi muku albarka, ya ba Sindre shekarun da na hana baffansa. Kada ku bari gidan nan ya watse a bayana. Ku riƙa fita tare kowace Lahadi, ku da 'ya'yanku. Gunvor, kin fi shi ƙarfi yanzu, don haka kada ki wuce gaba. Ki yi tafiya a gefen ƙaninki, inda za ki riƙa ganin fuskarsa.