Yawon Asabar a Hawa na Bakwai

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ciwon bayan nata? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Kin yi ƙorafi a wasiƙarki cewa daga gyaran lif, na'urar hawa bene, sai ɗaki, wai zan manta yadda ake hira. To, kwantar da hankalinki, mijinki ya shiga ƙungiya. A allon ɗakin karatu na unguwarmu na ga sanarwa cewa masu jin Turanci da ke zaune a garin nan suna haɗuwa duk Asabar su fita yawo. Wata bakwai ke nan ina magana da hannu, don yaren garin ya ƙi zama a bakina, sai na ce bari in je in ga ko su wane ne.

Mu goma sha ɗaya ne, kowa da ƙasarsa, kowa da irin Turancinsa. Akwai likitan haƙori, wanda in kina magana bakinki yake kallo, ba idonki ba. Akwai Sakatariya, mai riƙe da jerin sunaye, wadda ba ta san wasa da lokaci ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne tafiyar tasu ba aike ba ce, ba ziyara ba ce. Sai a tsaya gaban wata tsohuwar ƙofa ana kallonta har minti goma. Na duba, na sake dubawa, ƙofa ce dai. Amma ga ni yanzu a hanyar aiki ina leƙen ƙofofin mutane.

Ƙa'idarsu ita ce kowane mako mutum ɗaya zai kai sauran wurin da yake so a garin. Kuma ba a tambayar kowa gidansa ko iyalinsa sai in shi ya faɗa.

Na yi ƙawa, kada ki tashi hankalinki, ta girmi Inna. Tsohuwar malamar makaranta ce, a raina nake kiranta Iya Mai Sanda. Ita ce ta ƙarshe a tafiya, ni kuma nake jiranta. Ta tambaye ni abin da ke riƙe lif idan wayar ƙarfen ta tsinke, ta kuma tsaya ta ji amsar har ƙarshe. Tun zuwana ba wanda ya saurare ni haka, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin ya taɓa ni.

Ki gaida Inna, ki shafa min kan yaran.

Mijinki,
Baban 'Yan Biyu


Maman 'Yan Biyu,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin labarin jarrabawar yara, Allah Ya ƙara basira. Ki ce wa Inna ta daina ɗaga bokiti.

Asabar uku Iya Mai Sanda ba ta zo ba. Na tambayi Sakatariya ko an je an duba ta, ta kalle ni kamar na ce a fasa gidan matar. Wai ba kyau a kutsa wa mutum cikin rayuwarsa, in tana son magana za ta yi. Ni dai na kasa gane wannan. Mutum ya ɓace sati uku, a ce shirun shi ne girmamawa? Na yi ta juya abin a raina, don mutanen nan ba mugaye ba ne, tsoron takura wa juna ne ya yi musu yawa.

Ta taɓa nuna min gininsu, wani kore kusa da kantin magani. Ranar Lahadi da rana na je. Ina shiga na ga takarda manne a ƙofar lif, ya mutu sati uku. Na wani kamfani ne, suna jiran ƙarfen da ya lalace ya iso, kuma in na sa hannu zan iya rasa takardar aikina. Na tsaya ina kallonsa ba abin da zan iya. Ita kuwa a hawa na bakwai take, ga gwiwa ba lafiya. Maƙwabciyarta ce ke yi mata cefane.

Da farko ta haɗe rai, ta tambaye ni wa ya aiko ni. Daga baya ta dafa shayi, muka yi hira har awa biyu, kusan duk ita ce mai maganar. Kafin in tafi ta sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa halin da take ciki ba, don ta tsani a tausaya mata.

Ga inda nake neman addu'arki. Asabar mai zuwa ni zan ja tafiya, kuma da zan sauko na lura matakala ɗaya ce tsakanin ƙofarta da saman ginin, ƙofar saman kuma a buɗe take. Alkawarin rufe baki na yi, ban yi na hana su hawa ginin ba. Na san wayo ne, kuma tsoro nake ji. In ta yi fushi na rasa ta, in su ma suka ga na wuce gona da iri, na koma magana da hannu.

Naki,
Baban 'Yan Biyu


Maman 'Yan Biyu,

Ina gaisuwa, ina fata duk kuna lafiya. Yau ba zan ja gaisuwa ba, na san labarin kike jira.

Na gaya musu zan nuna musu garin daga inda masu gyaran lif ke ganinsa. Mu goma muka kama matakala. A hawa na huɗu likitan haƙori ya zauna yana tambayar laifin da ya yi min. A na shida Sakatariya ta cire takalmi ta riƙe a hannu. Ni kuwa ina gaba, ban yarda na waiwaya ba.

Ban ƙwanƙwasa ba. Hakinmu da surutunmu ne suka sa ta buɗe ƙofa. Ta tsaya da sandarta tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Sakatariya ta dubi matakalar da muka hawo, ta dubi gwiwar matar, nan take ta gane, sai idonta ya cika da ƙwalla. Hararar da Iya ta yi min, ko ke ba ki taɓa yi min irinta ba. Daga nan ta ce tunda mun zo, a ɗauko kujeru.

Da kanta ta hau matakalar ƙarshen, ta ƙi kowa ya riƙe ta. A sama akwai tankunan ruwa, da igiyoyin shanya, da tattabaru. Ta riƙa nuna mana garin da sandarta: makarantar da ta koyar shekara talatin, gadar da mijinta ya nemi aurenta a kai, asibitin da ya rasu. Waɗansu sun shekara biyar suna yawo da ita, ba su ma san ta taɓa aure ba. Aka sha shayi, likita ya fito da hoton 'yarsa, ni ma na nuna naku.

Amma har aka watse ba ta ce min uffan ba. Na bi sauran muka fara sauka, na riga na sallama cewa na rasa ta. Ina hawa na biyar na ji muryarta daga sama tana kiran mai lif. Ta ce in dawo in wanke kofuna, tunda ni na jawo mata baƙi, kuma Asabar mai zuwa in zo da wuri in jera kujeru, don ita ce mai jan tafiya.

Na wanke su tas, tana tsaye a kaina tana cewa ban iya ba. Ban taɓa jin daɗin wanke-wanke irin na ranar ba, amma kada ki sa rai zan ci gaba in na dawo gida.

Mijinki mai kewarki,
Baban 'Yan Biyu