Dangin Mijina Na Ƙirga Mini Kwanaki a Bakin Famfo

Hajiya Ishatu, don girman Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma sakaya sunana, don na jefa kaina cikin abin da ko mahaifiyata ba zan iya gaya wa ba.

Shekarata biyu da aure, ban taɓa ko ɓatan wata ba. A gidan su maigidana muke zaune, nan Tudun Wada, babban gida ne mai sassa da yawa, famfo ɗaya a tsakar gida. Yayarsa, Yaya Atika, ungozoma ce a asibiti, ita ma a gidan take tun rasuwar mijinta. Ita ta zaunar da ni ta koya mini cewa akwai 'yan kwanaki a wata da mace ke sakin ƙwai, a nan ake dacewa da ciki. Na ji daɗi, har godiya na yi mata.

Yanzu ko tambayata ba ta yi. Ranar da ba a ga na fito da buta bakin famfo ba, an san na fara fashin salla, sai ta kama lissafi. In kwanakin suka zo, ba wanda bai sani ba a gidan. Inna, surukata, ta aiko da farfesu da wani tsimi mai wari a gorar lemo. Matan 'yan'uwansa su janye yaransu daga ƙofar sashenmu tun la'asar, suna ƙunshe dariya. Yaya Atika ta buga wa ƙanenta waya a shagon ɗinkinsa, wai ya rufe da wuri, akwai aiki a gida. Da safe in na fito da bokitin wanka, idanu su raka ni har banɗaki. Wata daga cikin matan gidan ma a gaban mai tallar awara ta tambaye ni ko ruwan zafin ya ishe ni.

Hajiya, ji nake kamar akuyar da aka ja aka kai wa bunsuru, masu ita na tsaye suna jira. Ƙyama nake ji, wallahi. Mutumin da nake so, in ya shigo a waɗannan ranakun yana ƙamshin turare, sai in kau da kai. In na yi magana ya ce in yi haƙuri, Yaya ce, aikinta ne. Sauran kwanakin wata kuwa ko kusa da ni ba ya zuwa, wai an ce ya riƙa tara ƙarfi.

Watan nan da al'adata ta zo, na ce ba mai sake ƙirga ni. Na riƙa fita da buta ina alwala a gabansu, in koma ɗaki in rufe ƙofa in zauna a bakin gado. Shi yana masallaci, bai sani ba. Audugar ma a leda nake ƙulle ta, in fita da ita cikin jakata kamar ɓarauniya.

Ban hango ƙarshen abin ba. Yaya Atika ta ga lokaci ya wuce ban yi fashi ba, ta gaya wa Inna na samu ciki. Inna ta yi sadakar waina, ta hana ni daka. Maigidana kuwa har hawaye na gani a idonsa, ya fara ɗinka 'yan riguna da ragowar yadi. Yanzu Yaya ta ce ranar Litinin za ta kai ni gwajin fitsari. Wata ƙawata ta ce in yi maza in ce cikin ya zube. Na tsani gidan, na tsani kaina. Yaya zan yi?

Wadda Ta Gaji, Tudun Wada, Zariya

AMSA

'Yata, ki ajiye shawarar ƙawarki. In kika ce ya zube, za ki sa mijinki makokin ɗan da ba a taɓa yi ba, kuma ungozoma ce za ta duba ki, za ta gane ƙarya ce.

Ƙyamar da kike ji tana kan hanya. Abin da ke tsakanin miji da mata sirri ne, addini ma ya hana a baza shi. Ban ce Yaya Atika muguwa ba ce. Son ƙanenta ne ya yi mata yawa, har ta manta a asibiti ma sai an ja labule ake duba mace. Mijinki ya yi sakaci da ya bar ƙofarku a buɗe. Ke ma kin yi kuskure da kika yi wasa da alwala, sai ki nemi gafarar Allah, kada ki ƙara.

Lissafin nan ba ya bukatar mutum na uku. Yawanci mace na sakin ƙwai kamar mako biyu kafin al'ada ta gaba, kuma jikinki zai nuna miki: za ki ga farin ruwa mai yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwai. In ma lissafin ya gundure ku, ku watsar da shi. Kusantar juna duk bayan kwana biyu ko uku, daga wankan tsarki zuwa al'ada ta gaba, ya wadatar. Maganar tara ƙarfi ba ta da tushe, ita ce ma ke iya sa ku kuskure ranar. Tsimin da ba ki san abin da aka zuba ciki ba, ki daina sha. Tunda kun kai shekara biyu kuma, lokaci ya yi da ku biyun za ku ga likita a asibitin da ba na Yaya ba, shi ma a gwada shi.

Ki ajiye ruwa a sashenki, ki riƙa alwala a ciki kullum. Shi kuma ya je da kansa ya gode wa yayarsa cikin ladabi, ya ce daga yau likita ya karɓi maganar.

Amma kafin duk wannan, ki gaya masa gaskiya yau, har da dalilin da ya kai ki. Zai ji zafi, wataƙila ya yi kwanaki bai sake miki fuska ba. Ki jure. Gara ya ji daga bakinki kuna ku biyu a ɗaki, da ya ji ranar Litinin a barandar asibiti daga bakin yayarsa.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba ku zuriya mai albarka a lokacin da ya fi alheri.

Hajiya Ishatu